Mai Lambun Hunturu a Dirin Daji

Da an gama yankan dawa a Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, sai gari ya sauya kama. Ciyawa ta bushe, rafuka su ja baya, hazo ya lulluɓe duwatsu, leɓe ya fara tsagewa. Yawancin manoma sun rataye fartanya, Dakarkari kuma hankalinsu ya koma kan bikin Uhola. Amma leƙa bayan wani gida, inda aka kewaye ɗan fili da karan dawa, sai ka ga kore shar kamar damina ta manta da wani yankinta a wurin. Mai wannan lambu nake jinjina wa, domin aikinsa ilimi ne, ko da bai taɓa taka Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ba.

Abin da ya gane, wanda baƙon sana'a bai gane ba, shi ne sanyi abokinsa ne, iska ce abokiyar gabarsa. Tumatir, albasa, kabeji, karas da salak duk sun fi son daren Disamba da Janairu. Furen tumatir kan kama 'ya'ya ne idan dare ya yi sanyi. Da zafin Maris ya sauko, fure ya riƙa kakkaɓewa tun bai zama komai ba. Shi ya sa gwanin ba ya jira. Tun ƙarshen Oktoba, ƙasa da sauran laima, ya yafa iri a ƙarƙashin 'yar rumfar ciyawa. Bayan mako huɗu tumatir ya isa dashe, albasa kuwa sai ta kai wajen mako shida zuwa bakwai. Da yamma yake dashen, domin shukar ta kwana cikin sanyi kafin ta gamu da rana. Karas ba ya son a taɓa masa saiwa, don haka a inda zai girma ake shuka shi, a cuɗa irin da yashi don kada ya taru wuri guda. Kuɓewa kuwa ba ta shiri da hunturu, barinta ake yi sai gari ya ɗumama.

Dangar karan nan ma ba don awaki da kaji kaɗai aka kafa ta ba, ko da yake akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata biyu kafin a idar da sallar la'asar. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, busasshiya ƙayau, tana zuƙe ruwan ganye da na ƙasa. Saboda haka ta wannan ɓangaren yake ninka karan, wani lokaci har ya jingina zana.

Inda na fi ganin gwanintarsa shi ne wajen ruwa. Manomin damina kunya yake tadawa don ruwa ya wuce. Mai lambun rani kishiyar haka yake yi. Yana nutsar da fangali ƙasa kaɗan, ya yi masa baki, ya daidaita cikinsa da bayan fartanya har ya zama kamar faranti, ta yadda guga ɗaya zai bazu ko'ina bai taru a lungu guda ba. Wanda yake jan ruwa da igiya daga rijiyar da kullum ƙara zurfi take yi ya san darajar kowane ɗigo. Da sassafe yake ban ruwa ko bayan rana ta yi sanyi, kuma a gindi yake zubawa, domin jiƙa ganyen tumatir kiran cuta ne. Kafin ya zuba sai ya cusa yatsa cikin ƙasa. Idan ya ji damshi a gaɓa ta biyu, ya wuce abinsa. Sannan ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kan fangalin don laimar ta daɗe. Matan gida kan tara ruwan wankin hatsi da na alwala su kai wa zogale da alayyafo, amma ruwan omo ba ya kusantar wurin, gishirinsa kashe ƙasa yake yi a hankali.

Taki a gida yake samunsa: kashin awaki da na shanu wanda ya kwana biyu ya ruɓe. Kashin kaji ɗanye wuta ne, ƙona saiwa yake yi, sai an bar shi ya huce. Tokar murhu kuma a barbaɗa kaɗan a kan ganye da asuba saboda ƙwari. Idan tsutsa ta matsa wa kabeji, a daka ganye ko 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa. Akwai dai ƙwaron da ya fi ƙarfin dabarar gida idan aka yi sake, wato sharon, wanda ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Mai lambun gida yana da abin da babban manomi ba shi da shi: shukarsa ba ta da yawa, yana iya juya kowane ganye ya duba, ya tsinke wanda tsutsa ta yi wa zane a ciki ya jefa a wuta.

Zuwa Janairu uwargida ta daina aiken yaro kasuwa sayen kayan miya. Ta tsinko alayyafo, bayan 'yan kwanaki ya sake tofowa. Ta yanki ganyen albasa, ta aika wa maƙwabciya da salak a kwano. Da ganyen albasa ya fara kwantawa, sai maigida ya ɗauke mata ruwa gaba ɗaya, ya bar ta ta bushe a ƙasa kamar mako guda kafin ya tone. Tumatirin da ya fi ƙarfin tukunya a yanka shi a shanya a kan tabarma, a ɗura kauɗar a buhu, a rataye a ɗakin girki saboda watannin bazara.