Tela Ya Tsira, Baduku Na Jan Ƙafa: Nazari a Kan Yayi da Masu Ɗauke da Shi

Da zarar an shiga goman tsakiya na watan azumi, Kasuwar Kantin Kwari ba ta shiguwa sai da turereniya. Daga Katsina da Sakkwato da Maiduguri, daga Maraɗi da Damagaram, kowa ya zo ɗaukar abin da ake yayi. Amma duk shaddar da aka yanka a ranar, da duk turmin atamfar da aka ɗaure, ba su zama sutura ba tukuna. Sai sun bi ta wani ɗan shago a cikin lungu, mai keke biyu ko uku, inda za a raba dare a kansu. Takalmin da za a cike kwalliyar da shi kuwa, galibi a cikin kwalinsa ya iso daga ƙetare, bai bi ta hannun kowa a unguwa ba. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa kayan waje suka kasa kashe tela, alhali sun durƙusar da masaƙi da marini, sun kuma ture baduku gefe?

Inda aka fito

A da, ƙasar Hausa ita ke tufatar da maƙwabtanta, har ta sa musu takalmi. Tun a ƙarni na 16 Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci masu ɗinka takalma a ƙasar Gobir, waɗanda ake kai kayansu Tumbutu da Gawo. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar arzikin birnin ya ratayu ne a kan saƙa da rini, ya kuma lissafa takalma da jemammiyar fata cikin manyan kayan da fatake ke fita da su. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce ke ratsa Sahara ta isa Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take ɓullowa.

A wancan zamani sarƙar duk a gida take. Manomi ya noma auduga, mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi irin na Ƙofar Mata, mabugi ya buga, maɗinki ya zauna da allura ya fitar da aska biyu ko aska takwas a ƙirjin riga. Ta ɓangaren fata, mahauci ya feɗe, majemi ya jeme da bagaruwa, a rina da karan dafi, baduku ya yanka ya ɗinka. Sunayen unguwanni irin su Dukawa da Majema da Soron Ɗinki shaida ne cewa waɗannan sana'o'i su suka zana taswirar birnin Kano.

Zuwan masaƙun zamani bai katse sarƙar gaba ɗaya ba. An buɗe masaƙar Kaduna ta KTL a 1957 zamanin Sardauna, UNTL ta biyo baya a 1964, Kano ma ta samu nata a Bompai da Sharaɗa. Audugar Funtuwa da Gusau ita ke ciyar da su. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 abubuwa suka fara lalacewa: darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, yadin fasa-ƙwauri ya malalo ta kan iyaka. Masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ita UNTL ta tsaya da aiki a Kaduna a 2007. Yau shaddar da ake alfahari da ita ta kamfanin Getzner ce daga Ostiriya, babbar atamfa ta Vlisco ce daga Holan, abin da talaka ke iya saya kuwa mafi yawansa daga Sin yake.

Sirrin tela

Da wannan guguwar ta taso, ya kamata a ce ta haɗa da tela. A ƙasashe da dama haka aka yi, ɗinkakkun kaya suka cika kantuna, teloli suka koma masu rage tsawon wando. A ƙasar Hausa hakan bai faru ba, kuma dalilin yana cikin al'adar sutura ita kanta. Bahaushe ba ya ɗaukar rigar da aka rataye a kanti a matsayin kayan fita kunya. Zai sa ta a gida ko a wurin aiki, amma ranar Juma'a da Sallah da ɗaurin aure sai wadda aka auna shi aka ɗinka masa. Shi zai zaɓi yadi, ya faɗi tsawo, ya nuna irin wuyan da yake so da launin zaren aiki. Mace kuwa ta fi shi tsanani: turmi iri ɗaya za a raba wa ƙawayen amarya a matsayin anko, amma kowacce sai ta fito da ɗinkin da ba irin na 'yar'uwarta ba.

Wannan shi ne abin da masana'antar da ke wata uwa duniya ba za ta iya yi ba. Tana iya buga yadi dubu a rana, amma ba ta san faɗin kafaɗar Malam wane ba, ba ta san cewa Hajiya ba ta son hannun riga ya kama ta ba. Lefe da anko da kayan Sallah da kayan suna, waɗanda ake yawan kuka da nauyinsu, su ne kuma suka riƙe dubban shaguna da rai. Awo ne garkuwar tela.

Yadda yayi ke haihuwa

Hausawa na cewa zamani riga ce, kuma yayinmu ya daɗe yana ɗauke da tarihin zamaninsa. Hular Zanna Bukar ta samo suna daga ɗan siyasar Barno na jamhuriya ta farko, Zanna Bukar Dipcharima. An yi yayin shigar Shagari, an yi na ɗaurin ɗankwalin Maryam Babangida, doguwar rigar maza ta tashi da sunan tazarce a ƙarshen mulkin Abacha, jar hula ta zama tambarin siyasa a Kano. A da, yayi daga fada da gidajen attajirai da jakar alhazai yake fitowa, ya ɗauki shekaru kafin ya kai ƙauye. Finafinan Hausa sun gajarta tafiyar tun daga shekarun 1990. Yanzu kuwa bikin 'yar wani babba a Abuja ranar Asabar, kafin Litinin hotunansa na Instagram da TikTok sun isa wayar kowane tela, tare da saƙon "irin wannan nake so".

Saurin nan yana da amfani da illa. Ya buɗe ido, ya fito da matasa masu basira waɗanda ba su gaji allura ba, musamman mata da ke ɗinki a cikin gida suna tallata shi ta WhatsApp. Amma ya rage wa kaya tsawon rai. Babbar rigar da aka yi wa aikin hannu takan ci watanni kafin a gama, a sa ta shekaru, ɗa ya gada. Aikin kwamfuta yana fita cikin sa'o'i, bayan Sallah biyu a ce ya tsufa. Masu zanen gargajiya a Zariya da Kano suna raguwa, domin yaro ba zai zauna wata uku a kan riga ɗaya ba alhali inji na kusa da shi yana fitar da goma a yini. Ba laifin inji ba ne. Abin takaicin shi ne mun bari farashin aikin hannu ya kasa biyan wahalarsa.

Bayan labulen shago

Mai kawo ɗinki abin da yake gani shi ne tela ya karɓi kuɗi. Bai ga inda kuɗin ke zuwa ba. Akwai hayar shago da ake biya ta shekara a dunƙule. Akwai zare da shafi da maɓalli da zif da sitati, waɗanda kusan dukkansu farashinsu na bin Dala. Akwai mai surfani da mai guga da za a sallama, da yaran shago da za a ba na abinci. Sama da duka akwai wuta. Keken zamani da injin aiki ba sa motsi sai da lantarki, don haka janareta ya zama abokin tarayya da ke cin kasonsa kafin kowa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wannan kason ya ninka, amma kwastoman da bai yi ciniki ba wajen biyan kuɗin shadda shi ne zai tsaya yana neman ragi a kan kuɗin ɗinki.

Sannan sana'ar ta yanayi ce. Aiki yakan yi ambaliya kafin Sallah ƙarama da babba da lokutan bukukuwa, sai kuma a shiga watannin da keke ke yin ƙura. A nan ne tushen abin da aka fi zargin tela da shi, wato saɓa alƙawari. Wanda ya san ribar shekararsa a cikin mako huɗu take, da wuya ya mayar da yadi. Sai ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa, yana lissafi da wutar da ba ta zo ba, da yaron da zai iya tafiya wani shagon a tsakiyar azumi. Jama'a ma da nasu: a kawo yadi ana saura kwana biyar, a ba da rabin kuɗi, a karɓi kaya a ce ciko sai bayan Sallah, bayan Sallar kuma ba ta zuwa.

Fahimtar dalili ba wanke laifi ba ne. Alƙawari kaya ne, kuma yaron da ya wayi gari ranar Idi babu sabuwar riga ba ruwansa da farashin fetur. Telan da ke rubuta ranar karɓa da ranar bayarwa a littafi, ya rufe karɓar aiki idan ya cika, ya faɗi gaskiya tun farko, yana iya rasa ɗinki biyar a bana, amma shi ake nema baɗi. Yawancin ƙananan shagunan da ke rushewa ba rashin iya ɗinki ke kashe su ba. Haɗa kuɗin shago da na cefane a aljihu ɗaya, da bashin 'yan'uwa da ba a iya tambaya, su ne ke cinye jari.

Baduku da takalminsa

Baduku bai samu garkuwar da tela ya samu ba, domin ƙafa lamba gare ta. Mai sa lamba arba'in da biyu zai shiga Kasuwar Ƙofar Wambai ko ta Sabon Gari ya gwada ya biya ya tafi, ba ruwansa da wanda ya yi takalmin. Silifas da takalmin danƙo suka kwashe talaka, gwanjo da na Sin da na Aba suka kwashe matsakaici, mai hali kuma ya nufi na Italiya. Abin da ya rage wa dukancin gargajiya shi ne fada da hawan Sallah, irin su takalmin gashin jimina na Sarkin Kano da kayan doki, sai 'yan tsarabar baƙi a Kasuwar Kurmi.

Abin da ya fi ciwo shi ne fatar tana nan. Manyan majemun zamani na Challawa da Sharaɗa suna sarrafa fatar awaki da tumaki, amma mafi kyawunta Turai da Asiya take tafiya, ta dawo mana a matsayin takalmi da jaka da tsadar da ta ninka sau da yawa. Ƙirgin shanu kuma kaso mai yawa nasa a tukunya yake ƙarewa a matsayin ganda. Mai ƙaramin shago sai ya koma ga fatar roba da gam mai arha, takalmi ya ɓare a damina ɗaya, mai saye ya yanke hukunci cewa na gida ba shi da ƙarko. Wasu ma sukan manna tambarin ƙasar waje a kan aikin hannunsu don a saya, wato su gina sunan wani da guminsu.

Duk da haka akwai alamar farfaɗowa, kuma ta hanyar tela ta biyo. Matasan da ke samun kasuwa a Kano da Kaduna da Zariya a yau su ne masu auna ƙafa, su tambayi launin shaddar da za a sa, su yi wa ango da abokansa takalmi iri ɗaya, su buga sunansu a kai ba tare da jin kunya ba. Tsadar Dala ma ta taimaka musu, domin na waje ya fi ƙarfin mutane da yawa. Sun gane cewa ba za su iya gasa da Sin a araha ba, amma Sin ba za ta iya gasa da su a sanin mai ƙafar ba.

Abin da ya rage

Masu wannan sana'a ba rabon kekuna a gaban kyamara suke buƙata ba. Suna buƙatar wuta tsayayya a wuraren da suka taru, da hanyar sayen fata mai kyau a ƙananan ƙima daga majemun da ke garinsu, da horo a kan ƙirar tafin takalmi da gamawa, wanda cibiyar nazarin fata da ke Samarun Zariya za ta iya kai musu har shago. Ƙungiyoyinsu kuma su tsaya a kan ƙa'idar koyo da yaye yara, da hukunta mai cin amanar yadin mutane.

Sauran aikin namu ne, masu sawa. Yayi ba ya saukowa daga sama, abin da muka yarda muka saya muka yaba shi ne yayi. Wanda ya iya biyan kuɗin shadda ba tare da ciniki ba, ya biya maɗinkinta haƙƙinsa cikakke kuma a kan lokaci. Ya kai ɗinkinsa tun watan Sha'aban. Idan za a haɗa lefe ko a fitar da anko, a sa takalmi da jakar da aka yi a gida a ciki, a kuma faɗi sunan wanda ya yi su idan an tambaya. Mun riga mun rasa masaƙa, karofi ya zama wurin ɗaukar hoto. Allura da fata su ne suka rage a hannunmu, kuma kuɗinmu ne zai yanke hukuncin ko za su kai ga 'ya'yanmu.