Wace Hausa Ce Ke Cikin Akwatin Wasiƙa?

A cikin kowace manhajar wasiƙar intanet akwai wani ɗan lungu da ba kasafai ake leƙa shi ba, inda aka jera sunayen harsuna, aka bai wa mutum zaɓin wanda yake so na'ura ta riƙa yi masa magana da shi. A Gmail na kwamfuta, alal misali, sai an taɓa ɗan hoton ƙarfe mai haƙora da ke sama ta hannun dama, a buɗe dukan saituna, a tarar da layin harshe a shafin farko, a zaɓa, sa'an nan a gangara ƙasa a adana canjin. Aikin bai kai minti biyu ba, kuma ba ya taɓa wasiƙun kansu: abin da aka aiko da Faransanci zai zauna da Faransancinsa, sunayen maɓallai da akwatuna da kalmomin gargaɗi ne kawai ke sauyawa. To amma wannan jeri rubutu ne da wasu suka tsara, kalmomin da ke biyo bayan zaɓin kuwa fassara ce da wasu suka zauna suka yi. Don haka sun cancanci a karanta su da idon nazari kamar yadda ake karanta littafi, a kuma tambaya wa aka rubuta wa.

Wurin da za a tsaya a yi wannan karatu shi ne Ɗan Kassari, a ƙasar Arewa, kan babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni. A cikin yankinsa ne Lugu take, garin Sarauniya da ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine a shekarar 1899. Mutanen wurin da Arewanci suke magana a gida da kasuwa, da Faransanci suka koyi karatu a lakwal, Hausar Nijeriya kuwa tana iso musu ta rediyo da fatauci da finafinan Kano, da yake iyaka ba ta da nisa. Masu buɗe akwatin wasiƙar intanet a irin wannan gari ba su da yawa, kuma an san irinsu: ɗalibin da ya ci bak yana neman gurbi a jami'a, magatakardan ma'aikatar magajin gari, ma'aikacin likita mai aika rahoton wata, shugabar ƙungiyar mata mai rubuta wa abokan hulɗa. Sauran jama'a saƙon murya na WhatsApp ya ishe su. Watau duk wanda zai nemi Hausa a cikin jerin nan, mutum ne da ya riga ya san na'ura ta hanyar Faransanci.

Abu na farko da jerin ke nunawa shi ne ba yawan masu magana ake bi ba wajen shigar da harshe. Gmail ya fito a 2004. A 2012 ya karɓi harshen Cherokee, na wata al'umma ta ƴan asalin Amurka wadda masu jin harshenta sosai ba su wuce ƴan dubbai ba, kuma da baƙaƙenta na kanta aka rubuta shi. A 2014 kamfanin Google ya ƙara harsuna 13, jimla ta kai 71; Zulu da Afirkans sun shiga suka iske Swahili da Amharik, amma babu Hausa mai miliyoyin masu magana, balle a yi zancen Zabarmanci. Abin lura a wannan ƙari shi ne cikin 13 ɗin har da Faransancin Kanada, wanda aka ba shi layinsa dabam da na Faransa. Ashe ke nan masu tsara jerin sun san harshe ɗaya yana iya zama da gida biyu, kowane da nasa kalmomin aiki.

Ba za a ce an manta da Hausa baki ɗaya ba. Kamfanin Microsoft ya yi mata fassarar fuskar Windows, ciki har da Windows 7 da ya fito a 2009 da Windows 10 na 2015. Mafassarin Google ya karɓe ta a ƙarshen 2013, Facebook kuma a 2016. Wayoyin Tecno da Itel da suka cika kasuwannin Arewa sun zo da ita cikin harsunan waya. Waɗanda suka yi wannan aiki sun cancanci yabo, domin sanya wa abin da ba a taɓa gani ba suna ba ƙaramin wahala ba ne. Sai dai tambarin da Microsoft ya sa wa tasa fassarar ya faɗi gaskiya ƙarara: ha-Latn-NG, ma'ana Hausa, da baƙaƙen boko, ta Nijeriya. Bahaushen Nijar baƙo ne da aka yi wa shimfiɗa a ɗakin ɗan'uwansa.

Idan aka duba kalmomin da aka saba gani a irin waɗannan fuskoki, za a ga kashi biyu ne. Kashin farko daga cikin tumbin harshe aka ɗebo shi: aika, buɗe, share, shiga, fita, amsa, kalmar sirri, kwandon shara. Waɗannan babu mai gardama da su daga Kano har Filinge, kuma wasunsu sun fi na Turawa daɗin ji. Wanda ya ce kalmar sirri ya faɗi abin da ake nufi fiye da wanda ya ce « mot de passe », domin ya tuna wa mai ita cewa ba a faɗa wa kowa. Kashi na biyu aro ne daga Ingilishi: imel, fayil, folda, saituna. A nan ne mutumin Ɗan Kassari ke yin tuntuɓe, kuma ba don rashin jin Hausa ba. Hausar Nijar ta yi nata aron daga Faransanci tun zamanin mulkin mallaka: inda na Kano ya ce makarantar boko ko firamare ya ce lakwal, inda aka ce tica ya ce mushe, littafin rubutu kuwa kaye ne. Kalmar aro tana da sauƙi ne kawai ga wanda ya san uwarta.

Misalin da ya fi kowane nuna rikicin shi ne na fayil. Tarin takardun da ɗalibi ke kai wa ofis, wanda a Nijeriya ake kira fayil, a Nijar dosiye ne sunansa, kowa ya san shi, har wanda bai taɓa shiga aji ba ya san ana cewa dosiyensa ta ɓata ko ta fito. To a kwamfuta mai Faransanci, « dossier » ita ce jakar da ake zuba takardu, takarda guda kuwa « fichier ». A kwamfuta mai Hausar Nijeriya jakar ce folda, takarda guda ita ce fayil. Sai ga magatakarda da ya koyi cewa fayil na ofis daidai yake da dosiye, ya zo gaban na'ura ya tarar fayil ba dosiye ba ne, abin da ke cikin dosiye ne. Idan manhaja ta tambaye shi ko ta share fayil ko ta share folda, kuskuren ba na nahawu ba ne: wasiƙun shekara guda ke iya tafiya.

Akwai kuma hanya ta uku da wasu mafassara suka bi, wadda ita ce ta fi dacewa a yi koyi da ita. Wasiƙar da aka fara ba a gama ba, wadda ɗan lakwal zai kira buruyon saboda kayen da ya saba yin gwaji a ciki, ana iya ce mata daftari, kalmar da ta zo daga Larabci tun kafin Bature ya ja iyaka. Haka wasiƙa kanta, haka sirri, haka lissafi. Wannan tsohon rumbu na ƙasashen biyu ne, kuma duk inda aka ɗebo daga cikinsa babu wanda ke jin an bar shi a baya. Wani abin dariya ma shi ne haruffan Cc da ke ƙarƙashin layin adireshi, waɗanda suka samo asali daga takardar kabon da ake sakawa tsakanin shafi biyu a keken rubutu. Tsofaffin magatakarda na Dogon Dutsi sun san wannan takarda da hannunsu, jikokinsu kuwa suna taɓa haruffan kullum ba su san daga ina suka fito ba. Mafassarin da ya rubuta kwafi ya huta, domin Ingilishi da Faransanci sun yi tarayya a kalmar.

Sai batun baƙaƙe. An zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, sa'an nan ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙa'idar rubutunta a 1999. Duk da haka harafi ɗaya ya ƙi haɗuwa: abin da Nijar ke rubutawa da ƴ mai lanƙwasa, Nijeriya da waƙafin sama da y take rubuta shi. Ga mai karatu bambancin ƙarami ne, a idon na'ura kuwa abu biyu ne dabam. Yaron da aka ja wa jan biro a aji don bai sa lanƙwasar ba, shi ne zai buɗe waya ya ga an rubuta ta yadda aka hana shi. Ma'ajiyar bayanan harsuna ta Unicode ta ware wa Hausar Nijar tambarinta, ha-NE, saboda haka gurbin yana nan, cika shi ne ba a yi ba. A adireshin wasiƙa kuwa babu zancen lanƙwasa sam: Gmail ba ya karɓar komai a sunan mai akwati sai haruffan Ingilishi da lambobi da ɗigo, don haka garin kansa sai ya koma dankassari, baƙi su koma baki.

Abin da ya fi cutar da mai amfani bai ma shafi kalmomin da aka fassara ba, ya shafi waɗanda ba a fassara ba. Yawancin manhajoji da Ingilishi ake fara rubuta su, kuma duk inda fassara ta ƙare, Ingilishin ne ke leƙowa. Ga ɗan Katsina wannan komawa gida ce. Ga ɗan Arewa faɗawa rijiya ce, domin ya bar Faransancin da ya iya don neman Hausar da ya fi iyawa, ya ƙare da harshen da ya ɗan taɓa a kwaleji. A waya abin ya fi muni, da yake manhajar wasiƙa harshen waya take bi: a sa waya a Hausa, manhajar da ba ta da Hausa ta juye Ingilishi. Akwai magani, ko da yake masu sayar da waya ba su cika faɗarsa ba. Tun Android 7 na 2016 ana iya jera harsuna fiye da ɗaya, a sa Hausa a sama, Faransanci a ƙarƙashinta, ta yadda inda ta farko ta gaza ta biyu za ta karɓa. Android 13 na 2022 kuma ya ba da damar ware wa manhaja harshenta ita kaɗai, in masu ita sun tanadi haka.

Kada a fahimci wannan suka a matsayin kira da a sa Arewanci a fuskar na'ura. Ɗalibin da ke cewa tahi da hwara a gida ya san tafi da fara ake rubutawa a aji, kuma daidaitacciyar Hausa dukiya ce da ba a son a farfasa ta gari gari. Ƙorafin ya tsaya ne a kan kalmomin aro, da harafi guda, da harshen da ake komawa in Hausa ta ƙare.

Laifin kuma ba na kamfanoni ba ne su kaɗai. Cherokee bai shiga Gmail don tausayi ba. Hukumar al'ummar ce ta sa masu harshen suka zauna da Google suka ƙirƙiri kalmomin da babu. Kalmar « courriel » a Kebek aka haife ta, hukumar harshen lardin ta tsaya mata, har Faransa ta amince da ita a hukumance a 2003. Nijar ba ta rasa masana ba: tun 1973 take da makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa 10, cibiyar INDRAP ta daɗe tana tsara kalmomin lissafi da nahawu, Abdou Mijinguini ya wallafa Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci. A watan Maris na 2025 ƙasar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kundin sake gina ƙasa kuma ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Aiki kuwa a yau ta akwatin wasiƙa yake bi, daga minista zuwa gwamna, daga gwamna zuwa ƙaramar hukuma. Idan kalmomin akwatin ba su samu ba, matakin zai tsaya a jawabi da rediyo.

Jerin da ake buƙata ba mai tsawo ba ne, zama tsakanin malaman Yamai da Damagaram da na Kano da Sakkwato zai iya fitar da shi. Wasu kalmomin ma har yanzu ba su da sunan da kowa ya yarda da shi. Takardar da ake liƙa wa wasiƙa, wadda magatakardan Ɗan Kassari ke kira « pièce jointe », wani ya ce maƙala, wani ya ce haɗi, wani ya ce rataye. Wasiƙun ƴan talla da ƴan damfara da ke cika akwati kuwa, Outlook mai Faransanci ya kira su wasiƙun da ba a so, Gmail mai Faransanci ya bar musu sunansu na Ingilishi, a Hausa ana jin tarkace, ana jin saƙon banza, kuma a cikinsu ne sau da yawa amsar jami'a ke faɗawa ɗalibi bai sani ba.