Gudun Sahara da Waɗanda Aka Bari a Gefe

Mun sake kallon Running the Sahara, fim ɗin James Moll na 2007. Mutum uku, Charlie Engle, Ray Zahab da Kevin Lin, sun taso daga gaɓar tekun Senegal, suka yi kwana 111 suna gudu har Bahar Maliya a Masar, kusan kilomita 7,000.

Fim ɗin bai ɓoye azabar jiki ba: bororo a tafin ƙafa, ciwon gaɓoɓi, rama. Amma ya fi gwaninta wajen nuna yadda gajiya ke cin hali. Engle ya koma mafaɗaci, Lin kuwa har ya so ya haƙura lokacin da izinin shiga Libiya ya yi jinkiri.

Ƙorafinmu ɗaya ne. Sun ratsa Nijar, ƙasar da ayarin gishiri ke keta Tenere zuwa Bilma ba likita, ba motar ruwa a baya. Mutanen hamada sun bayyana, amma kyamara gaisuwar tsaye ta yi musu, ta koma bin baƙi. Mun so a ce ta zauna da madugu ko na dare ɗaya, ta tambaye shi ina gajiya.