Ƙofa ba mai tsaro: kira ga masu haɗa intanet a Katsina

Tun da Starlink ta shigo Najeriya a farkon 2023, sana'ar haɗa intanet ta samu kasuwa a Katsina. Na ji daɗin hakan ƙwarai, don matasanmu ne ke cin abinci da ita. Sai dai akwai wani yayi da ke damuna. Mai shago da mai haɗawa duk tambayarsu ɗaya ce, gudun sabis ɗin nawa ne? Ba mai tambayar yadda za a raba shi idan ya shigo.

Wani abokina yana da shagon buga takardu kusa da Ƙofar 'Yandaka. Yana da kwamfutoci, da kyamarorin tsaro, da kwamfutar da yake tura wa mutane kuɗi, yana kuma sayar wa matasan unguwa wayfay. Duka wayoyin na'urorin nan sun taru a suwic ɗaya, wato akwatin da ke raba musu sabis, mai kafa 24. Ya ciji yatsa ya sayi mai tsada, irin wanda ake shiga cikinsa a saita. Amma yaron da ya haɗa masa ya bar shi yadda ya fito daga kwali, ko kalmar sirri bai canza ba. Da la'asar sai samari su cika bencin ƙofar shago suna sauke finafinai, shafin banki ya yi ta juyawa, wata dattijuwa na tsaye tana jiran kuɗin cefane. Abokina ya yi ta zargin kamfanin sadarwa, alhali ɓarakar daga cikin gida take.

Kuɗin da ya ƙara wajen sayen suwic ɗin, kuɗin ikon raba hanya ne. Da tsarin VLAN, wanda ƙa'idarsa ta fito tun 1998, ana ware kyamarori gefe guda, harkar kuɗi gefe guda, baƙi gefe guda, ba mai leƙa wani. Ana iya ƙayyade wa kafar wayfay iyakar abin da za ta ja, a ba wa hada-hadar kuɗi fifiko, a rufe duk kafar da ba a amfani da ita. Akwai ma tsarin da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, wanda ke toshe hanya idan wani ya soke duka bakunan waya guda a suwic ɗaya. In babu shi, saƙo zai yi ta kewaya, fitilu su yi ta ƙyaftawa tare, komai ya tsaya cak.

Magabatanmu da suka kewaye birnin nan da ganuwa ba su bar ƙofofinsa haka sakaka ba. Akwai sarkin ƙofa, ya san mai shiga da mai fita, dare ya yi a rufe. Suwic mai saiti da ba a saita ba, ƙofa ce aka gina aka ƙi naɗa mata mai tsaro.

Ban ɗora wa matasan laifin duka ba. Da yawa a YouTube suka koya, kuma masu shago kuɗin jan waya kawai suke son biya, don shi ido ke gani.

'Yan'uwa masu wannan sana'a, don Allah ku zauna ku koyi saiti, ku sa kuɗinsa a lissafinku. Kai kuma mai shago, kada ka sallami mai haɗawa sai ya nuna maka yadda ya raba hanyoyin, ya kuma damƙa maka sabuwar kalmar sirri a rubuce.