Tsohuwar jitar bas da hannun da ya kaɗa ta

A watan Disambar 2021 an yi gwanjon wata jitar bas ƙirar Yamaha da Paul McCartney ya yi amfani da ita, aka saye ta dala 496,100. Shekara guda kafin nan, ta Bill Wyman na ƙungiyar Rolling Stones, ƙirar Fender ta 1969, ta tashi a kan dala 384,000. Masu tara irin waɗannan kaya a Amurka da Turai har sun raba zamani biyu: Fender ɗin da aka ƙera kafin kamfanin CBS ya sayi masana'antar a 1965, da wadda ta biyo baya, kuma ta farkon ake rububi. Hujjarsu wai katako in ya tsufa, sauti sai ya nuna. Ni dai ban gamsu ba. Jitar McCartney ba ta fi sauran 'yan'uwanta katako ko tsirkiya ba. Hannun da ya riƙe ta aka saya, da takardar da ta tabbatar da hakan.

Nan ne zancen ya shafe mu. Mutumin Dole Kaina, da ke zaune bakin kogin Neja inda Najeriya da Nijar da Benin suka haɗa kafaɗa, ba baƙon wannan sauti ba ne. A shekarun 1970 ƙungiyar Super Borgou ta garin Parakou a Benin tana waƙa da harshen Bariba da na Dendi a kan jitar lantarki, kuma sai da kamfanin Analog Africa na Jamus ya tattaro waƙoƙin ya sake fitar da su a 2012 sannan duniya ta waiwayo. Faifai ya tsira. Kayan kiɗan fa? A wurinmu jita in ta tsufa jingine ta ake yi a zaure, hunturu ya lanƙwasa mata wuya, gara ta ci rabonta, ragowar 'yan gwangwan su auna. Balle yanzu da fiyano ɗaya ke yin aikin mutum biyar a ɗakin ɗaukar waƙa.

Wani zai ce ai baƙuwa ce, ba gadonmu ba. Leo Fender bai fitar da Precision Bass ba sai 1951, molo kuwa kaka da kakanni. Gaskiya ne. Amma kayan da ya shekara talatin yana raka amare a Gaya ta Nijar ko Malanville ta Benin ya zama ɗan gida, kuma duk wanda ya saurari Mamar Kassey, ƙungiyar da Yacouba Moumouni ya kafa a Yamai a 1995, ya ji yadda bas ke zama ƙarƙashin molo da ƙwarya ba tare da ta danne su ba.

Wani kuma zai ce makaɗin da ke neman na tuwo ba ruwansa da tarihi, in ya samu mai saye ya sayar. Ba wanda zai hana shi. Sai dai jitar da ba a san mai ita ba farashin kwance take yi, dillalin da ya binciko labarinta daga baya shi ke kwashe ribar. Aikin ba ya buƙatar kuɗi: a rubuta lambar ƙira, da sunan makaɗin, da ƙungiyarsa, da shekarun da ya kaɗa ta, a ɗauki hotonsa riƙe da ita. Goge da molo ma sun fi buƙatar wannan, tunda su ba lambar kamfani gare su ba, kuma fatarsu da tsirkiyarsu canja su ake yi. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai tana adana kayan kiɗan gargajiya. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ba zai rasa kusurwar da zai rataye jitar wani makaɗin Dendi ba, da sunansa a ƙarƙashinta.