Ganin Kiɗa da Ido: Sharhi a Kan Finafinan Mary Ellen Bute

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba ƙoƙarin da Mary Ellen Bute (1906-1983), haifaffiyar birnin Houston na Amurka, ta yi na mayar da kiɗa abin kallo, sa'an nan a auna shi da ma'aunin kiɗan Hausa.

Ayyukanta

A shekarar 1934 ta kammala Rhythm in Light, gajeren fim wanda babu labari ko ɗan wasa a cikinsa. Hoton haske ta ɗauka yana sauka a kan ƙananan ƙwallaye da awarwaro da takarda mai sheƙi, suna motsi bisa wani kiɗa na Edvard Grieg. A cikin Tarantella na 1940 kuwa, zane ne mai launi, wato da'irori da layuka, suke tsalle suna karyewa daidai da bugun fiyano.

Sharhi

Babu shakka Bute ta nuna cewa ido yana iya bin amo kamar yadda kunne yake binsa. Sai dai abin da hoton ya kama bai wuce sauri da ƙarfi da hawa da saukar sauti ba. Wato dai hoto ɗan rakiya ne, kiɗa ne ubangidansa.

Iyakar wannan hanya takan fito fili idan aka kawo ta ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa halartar gayya a ƙauyukan Batsari ko Safana ya ga kiɗa da idonsa: gangar noma tana tashi, garemani suna hawa suna sauka tare, ƙura tana bin sahun manoma. Wannan sashe Bute za ta iya zana shi da layuka. Amma makaɗi yakan juya ya kaɗa taken wani manomi, a yi masa kirari, shi kuwa ya zabura ya wuce sa'o'insa. A nan ganga magana take yi, tana kiran mutum da sunansa a gaban jama'arsa. Da'ira ko layi ba su da bakin faɗin wanda aka kira, balle dalilin zaburarsa.

Kammalawa

Bisa ga wannan, darasin da masu shirya fim na Hausa za su ɗauka daga Bute shi ne ladabin daidaita motsin hoto da bugun kiɗa. Amma wanda zai ɗauki kiɗan noma, ko kalangun mahauta, lalle ne ya haɗa makaɗi da mai take a idon mai kallo. In ba haka ba, ya kawo amo, ya baro ma'ana a gona.