Daga Ramin Kwal Zuwa Bola: 'Ya'yan Talakawan Birtaniya a Idon Kyamara

Finafinan Birtaniya da suka fi zaga duniya su ne na sarauta da na 'yan leƙen asiri, inda ake ganin fadoji da motocin alfarma. A gefensu kuwa akwai wani reshe da ya shafe fiye da shekara 50 yana tafiya a hankali, wanda jaruminsa yaro ne ɗan lebura, a unguwar da kuɗi ba ya kwana. A irin waɗannan finafinai babu attajirin da zai ɓullo a ƙarshe ya ce ashe shi ne uban yaron. Ba nuna talauci kaɗai ya haɗa su ba. Hujja guda suke kafawa: yaron nan yana da basira, amma makaranta da hukuma da kasuwar aiki sun riga sun yanke masa makoma tun kafin ya san ciwon kansa.

Tushen salon

Salon ya samo asali daga finafinan gaskiya na shekarun 1930, waɗanda John Grierson ya yi wa jagoranci. A fim ɗin Housing Problems na 1935, mazauna ruɓaɓɓun gidajen gabashin Landan sun fuskanci kyamara suna ba da labarin ɓeraye da bangon da ke shirin faɗuwa, da bakinsu. A 1956 Lindsay Anderson da Karel Reisz da Tony Richardson suka fara nuna gajerun finafinai a ƙarƙashin sunan Free Cinema, daga nan aka samu finafinai irin su Saturday Night and Sunday Morning na 1960. Sai dai galibin waɗannan labarin samari ne masu aiki a masana'anta, masu albashi a aljihu. Yara suna can bayan fage.

Talabijin ce ta matso da su gaba. A 1966 BBC ta nuna Cathy Come Home, wanda Ken Loach ya ba da umarni, Tony Garnett ya shirya. Labarin ma'aurata ne da suka rasa muhalli bayan mijin ya yi hatsari, har jami'an jin daɗin jama'a suka ƙwace yaran daga hannun uwar a tashar jirgin ƙasa. Mutum kusan miliyan 12 suka kalla a daren farko, maganar rashin muhalli kuma ta zama abin muhawara a ƙasar baki ɗaya.

Kes, uwa ma ba da mama

Fim ɗin da duk na baya ke komawa gare shi shi ne Kes na 1969, wanda Loach ya ɗauko daga littafin Barry Hines na 1968, A Kestrel for a Knave. Billy Casper ɗan shekara 15 ne a Barnsley, garin haƙar kwal a kudancin Yorkshire. Uba ya gudu, uwa ba ta da lokacinsa, gado ɗaya yake kwana da yayansa Jud, mahaƙin kwal mai saurin hannu. Billy kan tashi da asuba ya raba jaridu, ya isa aji yana gyangyaɗi.

Sai an san tsarin makarantun lokacin kafin a gane nauyin labarin. Bayan dokar ilimi ta 1944, yara kan zauna wata jarrabawa suna da shekara 11. Kaɗan da suka ci sukan tafi makarantar da ke kaiwa jami'a, mafi yawa kuwa a tura su wadda ke shirya su aikin ƙarfi, su fita suna da shekara 15. Billy yana cikin na biyun. Hines ɗan mahaƙin kwal ne, ya kuma yi koyarwa, kuma ƙaninsa Richard, wanda bai ci wannan jarrabawa ba, shi ne ya horar da tsuntsun da ya zama tushen labarin.

Billy ya ɗauko ɗan ƙaramin shaho daga sheƙa a wani tsohon kango. Ya je ɗakin karatu neman littafin horar da shaho, aka hana shi don ba babban da zai sa masa hannu, sai ya sato littafin a shago. Yaron da malamai suka ce ba ya ja ya karance littafi mai wuya, ya koyar da tsuntsun daji ya tashi ya dawo hannunsa. Fitowar da ta fi kowace ƙarfi a aji aka yi ta: malamin Turanci, Mista Farthing, ya sa shi ya yi bayani, sai ga Billy a gaban allo yana rubuta kalmomin da malamin kansa bai sani ba, aji ya yi tsit. Ba da jimawa ba jami'in samar wa matasa aiki ya zaunar da shi, ya kawo masa zancen ramin kwal. Fitowa biyun nan su ne fim ɗin gaba ɗaya. Ƙarshen kuwa ba sassauci: Jud ya ba shi kuɗin cacar tseren dawaki, Billy ya kashe su a abinci, dawakin suka ci, Jud ya huce a kan tsuntsun ya jefa gawarsa a kwandon shara.

Yadda aka yi fim ɗin ya zama ƙa'ida ga na baya. An ɗauke shi a makaranta ta gaske, da yaran garin. David Bradley, wanda ya fito a Billy, ɗan makaranta ne a Barnsley. An bar su suna magana da karin harshen Yorkshire, wanda ya yi wa masu kallo a Amurka wuyar fahimta. Loach kan ɓoye wa 'yan wasa abin da zai faru don ya kama razana ta gaskiya, kuma a fitowar da shugaban makaranta ke bulala, da gaske aka zane yaran. Wannan ya bar tambaya mai nauyi: ina iyakar abin da za a yi wa yaro da sunan nuna zaluncin da ake yi wa yara? A 1999 Cibiyar Finafinan Birtaniya ta sa Kes a matsayi na 7 cikin finafinan ƙasar 100 mafi inganci na ƙarni na 20.

Reshen Scotland

Kuskure ne a ɗauka salon ba ya wuce ajiye kyamara a titi. Bill Douglas ya mayar da ƙuruciyarsa a Newcraighall, ƙauyen kwal kusa da Edinburgh, zuwa finafinai uku marasa launi: My Childhood a 1972, My Ain Folk a 1973, My Way Home a 1978. Magana kaɗan ce a cikinsu, kyamara kan tsaya cak a kan ɗaki marar wuta. Mutumin da ya fi nuna wa yaron, Jamie, ƙauna fursunan yaƙi ne Bajamushe mai aiki a gona. Lynne Ramsay kuma a Ratcatcher na 1999 ta kai mu Glasgow ta shekarun 1970, lokacin yajin aikin masu kwashe shara. James yana ɗauke da sirrin nutsewar abokinsa a ruwa, ya hau bas har ƙarshen hanya, ya tarar da sababbin gidajen da ba a gama ba a bakin gonar alkama. Ramsay ta nuna cewa mafarkin yaro ma wani ɓangare ne na gaskiyar rayuwarsa.

Bayan an rufe ramukan

Abin da Billy ke tsoro shi ne aikin da ke jiransa. Bayan yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985, wanda gwamnatin Margaret Thatcher ta karya, aka yi ta rufe mahaƙu, har aka rufe ta ƙarshe mai zurfi, Kellingley, a Disamban 2015. Tsoron sai ya sauya kama: yanzu babu ma aikin da za a guda.

The Selfish Giant na Clio Barnard, 2013, shi ne ya fi nuna wannan. Arbor da Swifty, yara biyu a Bradford, birnin da ya yi suna da masaƙun ulu, an kore su daga makaranta. Suka ɗauki amalanken doki suna tattara tsofaffin ƙarafa suna kai wa wani dillali mai suna Kitten. Duk wanda ya san 'yan jari-bola a Kano ko Kaduna zai gane cinikin nan take: yaro, buhu, sikeli, da babban da ke cin riba. Swifty ya iya doki kamar yadda Billy ya iya shaho, Kitten kuma ya ga hanyar yin kuɗi da wannan baiwa a tseren kan titi. A ƙarshe neman wayar jan ƙarfe ya kai su ga kebur mai ɗauke da wuta, lantarki ya kashe Swifty. Tsakanin Kes da wannan fim shekara 44 ce. A na farko masana'antu na jiran su haɗiye yaron, a na biyu yaron ne ke tsintar abin da suka bari.

Dabbar da ke yawan fitowa a salon, shaho ko doki ko ɓeran da ke Ratcatcher, ba ado ba ce. Ita ce shaidar da fim ke gabatarwa cewa yaron ya iya haƙuri da kulawa da koyo, abubuwan da takardar makaranta ta ce ba shi da su.

Billy Elliot na Stephen Daldry, 2000, ya bi wata hanya dabam. Shi ma ɗan mahaƙi ne a lokacin yajin aikin, amma baiwarsa ta rawa ta fitar da shi zuwa Landan. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 100, domin mutane na son labarin wanda ya tsira. Amma yaro ɗaya ya fita, garin kuma ya mutu a bayansa. Wannan ne abin da su Loach suka ƙi yi: sun san labarin wanda ya tsira yana sanyaya zuciyar mai kallo game da dubban da ba su tsira ba.

Sukar da ake yi

Babbar sukar ita ce ta masu kallo. Finafinan kan ci kyaututtuka a bikin finafinai na Cannes, masu hali su kalla su tausaya, su koma gida. Sweet Sixteen na Loach, 2002, labarin Liam ne na Greenock da ya shiga sayar da ƙwaya don ya samar wa uwarsa muhalli idan ta fito daga kurkuku. Ya ci kyautar rubutu a Cannes, amma hukumar tace finafinai ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 kallonsa saboda ashar, wato sa'o'in Liam ba su da ikon shiga sinima su ga labarinsu. Suka ta biyu ita ce yawan baƙin ciki yana mayar da talaka abin tausayi kawai, ba dariya, ba abota.

Amsar da ta fi gamsarwa daga sababbin masu fim ta fito, galibinsu mata. Andrea Arnold, wadda ta tashi a gidajen gwamnati a Dartford, ta yi Fish Tank a 2009 da Katie Jarvis, yarinyar da aka hango tana faɗa da saurayinta a tashar jirgin ƙasa. Rocks na Sarah Gavron, 2019, labarin yarinya ce 'yar asalin Nijeriya a gabashin Landan, wadda uwarta ta tafi ta bar ta da ƙaninta, kuma 'yan matan da suka fito a ciki sun sa hannu wajen gina labarin, shi ya sa raha ta yi yawa a cikinsa. Scrapper na Charlotte Regan, 2023, cike yake da launi da barkwanci, alhali a kan marainiya 'yar shekara 12 yake.

Alƙaluman gwamnatin Birtaniya na shekarun nan sun nuna yara sama da miliyan 4 na cikin talauci, don haka salon ba zai rasa abin faɗa ba. Ma'aunin da ya dace a auna kowane sabon fim da shi ba yawan hawayen da ya jawo ba ne. Fim ɗin da ya tsaya a tausayi ya bar laifin a wuyan ƙaddara. Wanda ya cika aikinsa shi ne wanda ya nuna abin da yaron ya iya, sannan ya nuna malami ko jami'i ko dillali ko dokar da ta tare masa hanya, yadda mai kallo zai fita ya san wa zai tuhuma.